Kurakuran da aka fi yi da CorelDRAW X3 da yadda ake gyara su

CorelDRAW X3, manhajar zane a kwamfuta, ya fito a 2006, shi ne na 13 a jerin fitowar CorelDRAW, kuma har yau yana fitar da tambari, katin gayyata da fosta ba tare da wata gardama ba. Shi ya zo da PowerTRACE a cikinsa, da Smart Fill, da Crop. Aibinsa shi ne ba ya gargaɗi. Zai bar ka ka gama aiki lafiya lau a fuskar kwamfuta, sai takarda ta fito daga inji ka ga ɓarna.

Launi ne ya fi cin mutane. Sai a 2010, da X5, aka sake fasalin kula da launi, kowane fayil ya riƙa tafiya da bayanin launinsa. A X3 saitin yana zaune ne a kwamfutar, shi ya sa fayil ɗaya kan nuna ja iri biyu a kwamfutoci biyu. Ga kuma masu ɗauko launi daga RGB, tsarin launin hasken fuskar kwamfuta, don aikin bugawa: shuɗin nan mai ƙyalli ya koma shunayya-shunayya, kore ya dushe, domin tawada ba ta iya abin da haske ke iyawa. Ka fara aikin da CMYK, tsarin tawada huɗu na bugawa, tun farko. Kafin ka tura, buɗe Document Info a ƙarƙashin File, zai lissafo maka nau'in launin da ke cikin aikin, har da wanda ya ɓuya a hoto.

Baƙi ma da nasa. Ƙananan rubutu a ba su K100 kawai, wato baƙar tawada zalla, sauran tawada ukun sifiri. Idan baƙin RGB ne, zai rabu zuwa tawada huɗu, kuma da farantin bugawa ɗaya ya goce ko da kaɗan, sai ka ga ja da shuɗi suna leƙowa a gefen haruffa. Babban fili ne ke son baƙi mai haɗi, kamar C40 M30 Y30 K100.

Rubutu kuwa, a zaɓe shi duka a danna Ctrl+Q ya koma zane, don kada wata kwamfutar ta musanya salon haruffan da ba ta da shi. Amma a ajiye kwafi kafin nan, domin da zarar ya koma zane an rufe ƙofar gyaran kalma. Idan ƙ, ɗ ko ɓ suka fito akwati, ba laifin manhajar ba ne, salon haruffan ne ba shi da su, sai a canza shi.

Wani kuskuren da ba a lura da shi sai an rage girman tambari: layin gefe ba ya raguwa tare da zanen, sai ya yi kauri ya cinye ƙananan siffofi. Danna F12 ka sa alama a Scale with image, ko ka mai da layin siffa da Ctrl+Shift+Q.

Sai maganar nauyi. X3 manhaja ce ta 32-bit, kusan gigabait 2 kawai na ƙwaƙwalwar aiki (RAM) take iya amfani da shi, ko da kwamfutar na da 16. Sai X6, a 2012, aka samu ta 64-bit. Hoton allon talla (banner) mai mita 3 da mita 2 a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci) cikin CMYK ya haura gigabait 3, don haka dole ta daskare ko ta rufe kanta. A 100 dpi bai kai megabait 400 ba, kuma daga nesa ido ba ya bambancewa. A bar 300 dpi ga abin da za a riƙe a hannu. PowerClip, mai saka hoto a cikin siffa, ma yana ruɗin mutane: ɓoye rarar hoton yake yi, ba yankewa ba, duk nauyinsa na nan a fayil. A yanke da Crop, a rage da Resample, sannan a saka.

PowerTRACE, mai mai da hoto zanen layi, ba ya gyara mugun hoto. Ka ba shi ƙaramin tambari mai dishi-dishi, ya dawo maka da ɗaruruwan ɗigo da layi mai karkarwa. Tambari mai sauƙi gara a sake zana shi da Bezier, kayan zana layi da hannu, ya fi tsabta, sau da yawa ma ya fi sauri.

X3 ba ya buɗe fayil ɗin CorelDRAW (CDR) da aka ajiye a sabon tsari. Wanda ya turo ne zai koma Save As ya zaɓi 13.0 a wurin Version, ya kuma duba rubutu da inuwa bayan haka, don abin da tsohon bai sani ba yakan sauya kama. In za a kai wurin bugawa, a bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, a fitar da PDF/X-1a, nau'in PDF na bugawa, a buɗe shi a wata manhajar a ƙara girmansa a duba gefen inuwa da wuraren da launi ke ratsa juna.