Yadda nake kula da zuciyar Inna tun da hawan jini ya sa ta yi tauri

Inna ta fara kwana da matashin kai uku, wai in ta miƙe sosai numfashinta sarƙewa yake. Muka ce tsufa ne. Da aka yi mata hoton zuciya, wanda ake kira eko, likita ya ce zuciyar tana tura jini lafiya lau, wajen cika ne take gazawa.

Ka san zugazugin maƙeri? In fatar ta bushe ta ƙandare, matsawa ba wuya, buɗewa ta zuƙi iska ne aiki. Shekarun da zuciyar Inna ta yi tana kokawa da hawan jini sun sa bangon ɗakin zuciyar na hagu ya yi kauri, ba ya sakin jiki tsakanin bugu da bugu. Jinin da bai samu shiga ba sai ya yi cunkoso ta baya, ruwa ya taru a huhu. Hakin ke nan.

Awon hawan jini nake fara yi mata, da safe kafin ta sha magani, da kuma dare. Ta zauna minti 5 ta jingina, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ba goro rabin awa kafin nan, ba hira, wanda shi ne ya fi yi mata wuya. Sau biyu nake aunawa in rubuta a littafi. In ya yi ta kai 140/90 ko fiye, littafin nake kai wa likita.

Wajen gishiri muka fi yin rigima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato cokalin shayi ɗaya ma bai cika ba, kuma dunƙulen magi da kanwa duk cikin lissafin suke. "Miyar nan lami ce," in ji ta. Na ƙara daddawa, tafarnuwa da citta, muka shirya.

Kada ka bari a daina magani don awo ya sauka. Maganin ne ya saukar da shi. Ka kuma leƙa jakarta. Ni diclofenac na tarar tana sha don ciwon gwiwa, alhali yana riƙe ruwa a jiki.

Kullum da yamma nakan danna ƙaurinta da babban yatsa. In ramin ya zauna, gobe asibiti. In kuwa ta farka cikin dare tana neman iska, ba ma jiran gari ya waye.