Kurakuran da aka fi yi a shafukan man, da yadda ake gyara su

Idan ka buga man ls a kwamfutar Linux ko BSD, bayanin da yake fitowa shi ake kira shafin man, wato shafin jagorar amfani da umarni. Tsarin ya daɗe a duniya. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka fitar da jagorar Unix ta farko a ranar 3 ga Nuwamba 1971 a Bell Labs, kuma har gobe ana rubuta shafukan da harshen tsara rubutu na dangin roff. Yau manhajar groff ce take sarrafa su ta fitar a allo a yawancin Linux, mandoc kuma a OpenBSD da FreeBSD. Tushen matsalar ke nan: abin da ka rubuta a fayil ba shi ne abin da mai karatu zai gani ba. Kuma masu karatun ba mutane kaɗai ba ne. Akwai manhajar da take tattara sunayen shafuka don bincike, akwai kuma tagar umarni da mutum zai liƙa wa abin da ya kwafo daga shafinka. Duk kuskuren da ya taɓa waɗannan biyun ya fi na ado muni, don haka da su zan fara.

Layin da ya ɓace

A wajen roff, duk layin da ya fara da ɗigo umarni ne. Idan ka rubuta jimla kan fayil ɗin .bashrc, sunan kuma ya faɗo a farkon layi, groff zai nemi makiro, wato umarnin tsara rubutu, mai suna bashrc, ya rasa, ya jefar da layin gaba ɗaya. Ba zai ce maka uffan ba sai idan ka kunna gargaɗi. Mai karatu zai ga jimla ta yanke a tsakiya, ta haɗe da wata.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, waƙafin sama ma haka yake. Layin da ya fara da ' shi ma umarni ne. Mai rubutu da Turanci jefi-jefi yake cin karo da wannan, amma mu da muke rubuta 'yan, 'ya'ya da 'yanci, tarko ne a bakin ƙofa. Wanda ya fassara shafi zuwa Hausa ya fara layi da "'Yan kaɗan ne daga cikin zaɓuɓɓukan...", to wannan layin ya tafi. Mutanen Nijar da suke rubuta ƴ mai lanƙwasa sun tsira daga wannan. Maganin duka biyun ɗaya ne, ka sa \& a gaba:

\&.bashrc
\&'Yan kaɗan ne...

Alamar \& harafi ce marar faɗi. Ba ta fitowa a allo, aikinta kawai ta hana ɗigon ko waƙafin zama farkon layi.

Ita ma alamar \ tana cin rubutu. Ka sa misalin printf "sannu\n" yadda yake, roff zai ɗauki \n a matsayin kiran wata ma'ajiyar lamba, ya haɗiye shi tare da harafin da ke binsa. Don alamar ta fito sai ka rubuta \e, wato "sannu\en".

Karan ɗori da alamar ragi

Nan ne aka fi tafka kuskure, nan ne kuma aka fi jayayya. A roff, - karan ɗori ne, irin wanda yake cikin barkonon-tsohuwa. Alamar da ake bugawa a gaban zaɓin umarni, kamar ls -l, ana rubuta ta \- ne. A ido kusan ɗaya suke. A wajen kwamfuta kuwa haruffa biyu ne daban: karan ɗori U+2010 ne, na umarni U+002D. Mutum ya kwafi --help daga shafin da aka rubuta ba daidai ba, ya liƙa, manhaja ta ce ba ta san wannan ba, shi kuma yana kallon allo yana ganin komai daidai. Haka idan ya yi bincike a cikin shafin da /--help, ba zai samu ba alhali ga kalmar a gabansa.

Shekaru da yawa an lulluɓe wannan ciwon, domin ana mayar da karan ɗori zuwa alamar umarni kafin a nuna shafi. Da groff 1.23.0 ya fito a Yulin 2023 ba tare da wannan lulluɓin ba, asirin shafuka masu ɗimbin yawa ya tonu. An yi ta muhawara a Debian, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, a watan Oktoba na wannan shekarar, daga bisani Debian ta maido da tsohuwar dabarar a nata kunshin. Ni dai ra'ayina, kada ka dogara da hakan. Ba ka san a wace na'ura za a karanta shafinka ba, ba ka kuma san ko za a mayar da shi PDF ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk abin da mutum zai buga da hannunsa ko ya kwafa, ko zaɓi ne, ko sunan fayil, ko sunan umarni irin ssh\-keygen, to \- ne. Kalmar magana ta yau da kullum kuwa, - ya isa.

Akwai 'yan uwanta huɗu da suke rikiɗa idan sun je wajen fitarwa: ' da ` da ^ da ~. A cikin misalan umarni ka rubuta su \(aq, \(ga, \(ha da \(ti. Wanda aka fi mantawa shi ne na ƙarshe, a hanya irin \(ti/.config.

Layin suna da kan shafi

Sashen NAME layi ɗaya ne, kuma ba don ado aka yi shi ba. Daga nan mandb, manhajar nan mai tattara sunayen shafuka, take ɗibar abin da umarnin bincike whatis da apropos za su nuna. Siffarsa a kafe take: suna, sarari, \-, sarari, gajeren bayani. A ce manhajarka sunanta kirga:

kirga \- ƙirga kalmomi a cikin fayil

Wasu suna cika sakin layi guda a nan, wasu su sa aya biyu a madadin \-, wasu su maimaita sunan a cikin bayanin. Ka gwada da lexgrog kirga.1. Idan ya ce ya kasa fahimta, to mai neman manhajarka da apropos zai sha wuya kafin ya same ta.

Layin .TH kuma sunan shafi yake ɗauka, da lambar sashe, da kwanan wata, da sigar manhaja. Lambar tana da ma'ana: 1 umarnin kowa da kowa, 2 kiran ƙwaya (kernel, zuciyar tsarin na'ura), 3 ayyukan laburare, 5 tsarin fayiloli, 8 umarnin mai kula da na'ura. Shi ya sa passwd(1) yake bayanin umarnin sauya kalmar sirri, passwd(5) kuma bayanin fayil ɗin /etc/passwd. Kuskuren da nake yawan gani shi ne fayil sunansa kirga.1 amma .TH ya ce 8, don an kwafo kan daga wani shafi ba a gyara ba. Kwanan wata kuma a rubuta shekara, wata, rana, kamar 2024-03-09. Idan ka rubuta 03/09/2024, Ba'amurke zai karanta 9 ga Maris, mu kuma 3 ga Satumba.

Kauri, karkata da tazara

Rubutu mai kauri na abin da za a buga ne yadda yake. Karkatacce na abin da mai amfani zai musanya da nasa ne. Idan ka rubuta .B \-o fayil, komai ya yi kauri, sabon shiga zai ɗauka kalmar "fayil" ce zai buga. Daidai shi ne:

.BI \-o " fayil"

Ka lura da sararin da ke cikin alamar zance. Makirori masu musanya salo irin .BI da .BR ba sa barin sarari tsakanin gaɓoɓinsu, kai ne za ka sa. Wannan halin ne ma yake sa ambaton wani shafi ya fito da kyau idan ka rubuta .BR grep (1), domin sunan ya yi kauri, lambar ta manne masa.

Masu son \fB a tsakiyar layi sukan manta su rufe, sai kaurin ya malale. \fP kuma taki ɗaya kawai yake komawa baya, don haka wanda ya buɗe \fB sannan \fI, ya rufe da \fP guda, yana cikin kauri har yanzu.

Layin da ba komai a cikinsa ba shi ne raba sakin layi ba, .PP ne. Layi fanko yana ba da tazara, amma ba ya maido da gefen rubutu inda yake. Jerin zaɓuɓɓuka a yi shi da .TP, ba da tara sarari da .br ba, domin abin da ya daidaita a taga mai faɗin haruffa 80 zai wargaje a mai 120. Kowane .RS yana buƙatar .RE ɗinsa. Misalan umarni a sa su tsakanin .EX da .EE, in ba haka ba roff zai haɗe layukan su zama jimla ɗaya.

A fayil ɗin kansa, ka fara kowace jimla a sabon layi. Brian Kernighan ya ba da wannan shawara tun 1974, kuma aikin man-pages na Linux yana bin ta har yau. Amfaninta biyu: roff yana gane ƙarshen jimla da kyau, kuma gyaran kalma ɗaya ba ya sa git, manhajar bin sauye-sauyen fayil, ya nuna sakin layi guda ya sauya. Sai dai mai rubuta Hausa ya tuna, wannan ɗabi'ar ce za ta riƙa kawo 'yan zuwa farkon layi.

Haruffa masu lanƙwasa ma suna da nasu. Ka ajiye fayil a UTF-8. man-db, kunshin da ke samar da umarnin man a Linux, ya iya da shi, amma idan kana kiran groff kai tsaye sai ka ƙara -k. In kana son ka kwana da tabbas, rubuta lambobinsu: \[u0253] ɓ, \[u0257] ɗ, \[u0199] ƙ, \[u01B4] ƴ.

Abin da shafin yake faɗa

Shafi zai iya fita tsaf a ido amma ya zama holoƙo. Mafi yawan irin wannan kwafin --help ne aka yi wa kanun sassa. Mai buɗe shafin man ya riga ya ga --help, abin da bai samu can ba ne ya kawo shi. Me manhajar take yi idan ba a ba ta fayil ba? Wanne zaɓi ne yake rinjaye idan biyu sun yi karo? Waɗanne fayiloli take karantawa? Wace lamba take mayarwa idan ta gama? Shafin grep ya faɗa ƙarara: 0 idan an samu, 1 idan ba a samu ba, 2 idan an yi kuskure. Mai rubuta sikirif, wato jerin umarni a fayil, da wannan yake aiki. Talla kuma ba wurinta ba ne, babu mai buƙatar a gaya masa manhajar "mai sauri ce kuma mai ƙarfi". Sashen BUGS yana nan tun jagorar 1971, kuma ba abin kunya ba ne ka faɗi inda kayanka yake ɗingishi.

A SYNOPSIS, sashen da ke nuna yadda ake buga umarnin, baka mai kusurwa na nufin abu ba dole ba ne, | na nufin zaɓi ɗaya daga ciki, ɗigo uku na nufin ana iya maimaitawa. SEE ALSO kuma a jera shi bisa lambar sashe, sannan bisa haruffa, da waƙafi a tsakani, ba aya a ƙarshe.

Kafin ka tura, ka buga waɗannan:

man -l kirga.1
groff -man -ww -z kirga.1
mandoc -T lint kirga.1

Na farko yana nuna shafin yadda za a gan shi, na biyu gargaɗi zalla yake fitarwa, na uku ya fi su tsanani, kuma ba duk ƙorafinsa ne dole ka bi ba. Ka ƙara da MANWIDTH=60 a gaban na farkon ka ga ko teburori da dogayen layuka za su jure ƙunci. Sannan ka kwafi misali ɗaya daga allon ka liƙa a tagar umarni, ka ga ko zai gudana.

Idan shafin wani kake gyarawa, ka duba saman fayil ɗin tukuna. Da yawa ba da hannu aka rubuta su ba, help2man ne ko pod2man ko scdoc ko pandoc ya samar da su, kuma galibi sukan bar shaida a layukan farko. Gyaran da ka yi a irin wannan fayil zai goge a gini na gaba, don haka ka nemi tushen da aka samar da shi daga ciki. Kuma ka raba gyaran tsari da gyaran ma'ana zuwa faci biyu, domin mai kula da manhaja ba zai iya hango jimla ɗaya da ka sauya a cikin layuka ɗari uku da ka sake karyawa ba.