Yadda Matashi Zai Gina Sana'ar Tsaron Baya, Daga Filin Unguwa Zuwa Tawagar Ƙasa

Matashin da ya taso a Makka ko Jidda, yake murza leda a filayen unguwa, kuma yake jin cewa tsaron baya ne gurbinsa, yana da abin koyi kusa da gida. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Saudiyya ta tafi da masu tsaron baya uku da ke ɗauke da sunan Hausawi, wato Usama da Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne ya ɗaura kambun kyaftin yana da shekara 34. Hanyar da ya bi tana nuna cewa ɗan baya da yawan wasannin da ya buga yake ƙwarewa, don haka duk shawarar da za ka yanke a sana'ar nan, ka auna ta da tambaya guda: shin za ta sa ka cikin fili, ko za ta zaunar da kai a benci?

Kafin komai, ka gyara takardunka. Babu ƙungiyar da za ta yi wa yaro rajista ba tare da shaidar haihuwa da shaidar zama a ƙasa ba, kuma iyaye su sani cewa dokar FIFA ta hana ɗaukar ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Duk dillalin da ya zo da alkawarin kai yaro ɗan shekara 15 Turai, yana neman kuɗin tafiya, a sallame shi tun daga bakin ƙofa. Haka kuma, ba a buga wa tawagar wata ƙasa sai da shaidar zama ɗanta. Wanda aka haifa a Saudiyya amma fasfonsa na Najeriya ne ko Nijar, ya san tun da wuri ƙofar da za ta iya buɗe masa.

Gasannin unguwa na watan azumi wuri ne mai kyau na nuna kai, amma ba su koyar da tsayuwa a layi, saboda kowa ƙwallo yake bi. Wannan ilimin sai a ƙungiyar matasa, kuma ba lallai ta zama babba ba. Usama Hausawi, haifaffen Makka a 1984, a Al-Wahda ta garinsu ya fara, kuma yana can aka kira shi tawagar ƙasa, har ya je gasar cin kofin Asiya ta 2007, wadda Saudiyya ta kai wasan ƙarshe, Iraƙi ta doke ta da ci ɗaya mai ban haushi. Sai a 2008 ya koma Al-Hilal ta Riyad, bayan ya riga ya saba da ɗaukar nauyin baya mako bayan mako.

A wajen atisaye, ka ba karatun wasa lokaci fiye da yadda kake ba ƙarfin jiki. Ka koyi karkata jikinka ta yadda ido ɗaya zai ga ƙwallo, ɗayan kuma ya ga ɗan gaban da kake tsare. Ka koyi jinkirta mai kawo hari har abokanka su dawo, maimakon ka zube ƙasa da gaggawa, domin ɗan bayan da ya kwanta ya fita daga wasa na ɗan lokaci, kuma a cikin da'ira kuskure guda fenariti ne. Ka saba da magana da mai tsaron raga da abokin tsayuwarka, ka kuma tilasta wa kanka ba da ƙwallo da ƙafar da ba ka saba da ita ba. Wanda yake son ganin amfanin wannan, ya sake kallon wasan 22 ga Nuwamba 2022 a Katar, lokacin da Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1. Koci Hervé Renard ya matso da layin baya kusa da tsakiyar fili, Hassan Tambakti da Ali Al-Bulaihi suna taka ƙafa tare, har aka soke wa Ajantina ƙwallo uku saboda satar gida kafin a tafi hutun rabin lokaci. Da mutum ɗaya ya makara da taku guda, da tsarin duka ya rushe.

Lokacin sauya ƙungiya ne ya fi buƙatar natsuwa. Tun daga 2023 manyan ƙungiyoyi suke ɗauko fitattun 'yan baya daga Turai, irin su Kalidou Koulibaly da ya bar Chelsea ya zo Al-Hilal, kuma hakan ya rage wa 'yan gida gurbi. A ganina, matashin da ya karɓi aro zuwa ƙaramar ƙungiya ya buga kakar wasa cikakkiya ya fi wanda ya zauna yana ɗumama benci a Riyad da albashi mai tsoka. Usama kansa ya tafi Anderlecht ta Beljiyam a 2012, da bai samu damar bugawa sosai ba sai ya dawo Al-Ahli ta Jidda, inda ya ci kofin gasar ƙasa a 2016, kafin ya sake komawa Al-Hilal. Wanda kuma kira ya yi masa jinkiri kada ya karaya, domin Al-Bulaihi ya ratsa ƙananan ƙungiyoyi da Al-Fateh, bai isa Al-Hilal ba sai a 2017, yana dab da shekara 28.

Idan kwantiragi ya zo, kada ka sa hannu sai wani babba na gida da wakili mai lasisi sun karanta shi tare da kai. A duba tsawon wa'adinsa, da ranar biyan albashi, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan rauni ya same ka, da sharaɗin tafiya aro in koci bai sa ka a wasa ba. Ka karɓi naka kwafin mai ɗauke da sa hannun ɓangarorin biyu, ka ajiye shi a gida tare da sauran takardunka.