Zaman Tsare A Ƙasar Mutane: Abin Da Na Ciki Zai Yi, Da Abin Da Na Gida Za Su Yi

Hanya biyu ce ta fi kai mutanen Sakkwato hannun hukuma a ƙetare. Akwai ta sama, a tafi Umara ko aikatau Saudiyya, biza ta ƙare a ci gaba da zama ba igama, wato takardar izinin zama. Akwai ta ƙasa, daga Illela a tsallaka Ƙonni, a bi Tawa zuwa Agadas, daga nan sai Libiya ko Aljeriya. Ko ta wace aka bi, tambayar farko ɗaya ce: wane irin tsaro ne? Iri uku ne, mabuɗin kowanne daban.

Na farko shi ne tsaron shige da fice, wanda takarai ke kira tarhil, kamar sansanin Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka. Nan ba wa'adi kake ci ba, takarda da jirgi kake jira. Na biyu kurkukun shari'a, inda akwai tuhuma da alƙali da lambar ƙara. Na uku ba na hukuma ba ne sam, gidajen 'yan bindiga ne irin na wajen Sabha da Bani Walid, inda ake dukan mutum ana buga wa danginsa waya su ji kukansa. Wannan garkuwa ce, kuma yawancin abin da za mu faɗa kan haƙƙi ba ya aiki a can.

Kwanakin farko

Faɗi sunanka daidai yadda yake a fasfo. Mutum ya tsorata ya ba da sunan bogi, ko ya ce shi ɗan wata ƙasa ne don ya ji an fi saurin kwashe 'yan can, to ya ɗaure kansa da kansa. Jami'in jakadanci zai zo da jerin sunaye bai gan ka ba, dangi su yi cigiya a ce babu mai wannan suna, gyaran kuwa ya ci watanni. Idan sunan da ake kiran ka a gida daban ne, Ɗanjuma ko Nomau alhali fasfo ya ce Muhammad, ka tabbata na gida sun san wanda ke rubuce.

Sai ka nemi a sanar da ofishin jakadancin Najeriya. Sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana (Vienna) ta 1963 kan hulɗar jakadanci ya ba ka wannan haƙƙi, amma da sharaɗi: sai ka nema da bakinka. Ka faɗa a wurin 'yan sanda, ka maimaita gaban mai bincike, ka sake gaban alƙali. A Saudiyya babban ofishin yana Riyad, ƙaramin yana Jidda, kuma na Jidda ne ya fi kusa da wanda aka kama a Makka ko Madina.

Wurin da aka fi faɗawa rami shi ne dangwala yatsa. Za a miƙo takardar Larabci a ce sa hannu a wuce wurin. Larabcin makarantar allo da na zaure ba shi ne na kotu ba, sai mutum ya sauke Ishmawi da Iziyya amma takardar tuhuma ta gagare shi. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ka ce a kawo tafinta mai jin Hausa, a karanta maka layi-layi. Idan an tilasta ka, ka gaya wa alƙali tun zaman farko, domin amsa laifin da aka tabbatar gabansa yana da wuyar warwarewa, ga shi fataucin ƙwaya a can hukuncinsa na iya kaiwa kisa. Wata ɗaliba 'yar Najeriya da aka kama a Madina a Disambar 2018 kan jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta tun daga filin jirgin Kano ta fita a Afrilun 2019 ne bayan binciken gida ya gano ba kayanta ba ne.

Wayarka za a karɓe. Wanda bai haddace lamba biyu ta gida ba, tare da +234 a gaba da cire sifilin farko, ya zama kurma. Haka lambar fursuna da lambar ƙara, ka haddace su kamar Fatiha.

Yadda ake cin yini

Abin da ke fara lalacewa a ciki ba jiki ba ne, lissafin lokaci ne. A ɗakuna da yawa fitila ba ta mutuwa, taga ba ta nuna rana, sai mutum ya koma barcin rana da zaman dare, cikin sati biyu ya kasa faɗin ko yau Talata ce. Musulmi yana da agogo biyar a hannunsa, sai ya rataya komai a jikinsu. Bayan Asuba karatu, izu ɗaya ko rabi, wanda bai iya ba ya zauna kusa da wanda ya iya. Da hantsi motsa jiki. Bayan Azahar wanki da ɗan kishingiɗa da bai wuce awa ɗaya ba. Bayan La'asar koyon harshen wurin, kalma biyar kullum, a fara da na asibiti da na kotu: ciwo, magani, lauya, zama, takarda. Bayan Isha'i a kwanta, a rufe ido da hula ko gefen mayafi. In ruwa ya yi ƙaranci akwai taimama, Juma'a kuwa ba ta hau kan wanda aka kulle ba, Azahar zai yi raka'a huɗu, kada ya ɗora wa ransa damuwar wannan.

Ka riƙe kwanan wata iri biyu, na Hijira da na Bature, domin takardun kotun Saudiyya da na Hijira suke zuwa, kuma shekararta ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka.

Dokokin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce a ba fursuna aƙalla awa ɗaya kullum a sarari. A takarda ke nan. Inda ba a bayarwa, sai ka ƙirƙiro naka: kai-komo a tsawon ɗaki na minti talatin, tsugunne-tashi ashirin sau uku, miƙe gaɓoɓi. Wanda ya bar motsa jiki, ƙafa ta kumbura, ciki ya ɗaure, barci ya gudu, daga nan sai baƙin rai.

Cututtukan cunkoso sanannu ne. Ƙazwa tana farawa da ƙaiƙayin dare a tsakanin yatsu da kugu. Maganinta na shafawa ne tun daga wuya har tafin ƙafa, a kwana da shi a wanke da safe, amma in ba a yi wa 'yan ɗaki gaba ɗaya ba, kuma ba a ƙulle tufafi da bargo cikin leda kwana uku ba, za ta dawo. Gudawa kuwa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. Kada a zarce da gishirin, ya fi cutar illa. Tarin da ya haura sati biyu, da zufar dare da rama, a ɗauka tibi ne, wato tarin fuka, har sai likita ya ce ba shi ba. Ba a aron reza, ba a aron buroshi. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya faɗa tun ranar shiga a rubuta, in ya bari sai ya faɗi ana iya cewa dabara ce.

Zama da mutane shi ma fanni ne. Kowane ɗaki yana da shugabansa, shi ke raba wurin kwana da layin banɗaki. Ka gaishe shi, ka bi tsarin, faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Dattijo ka ce masa Baba, mai karatu ka ce Malam, ko da kai Alhaji ne a Kasuwar Daji. Abu uku ne ba a yi: ba a ajiye wa kowa ƙullin kaya, ba a cin bashi, ba a ba da labarin shari'a ga wanda aka haɗu da shi jiya. In aka yi bincike, abin da aka samu a shimfiɗarka naka ne.

Sai maganar zuciya, wadda a ganinmu ta fi duk na sama nauyi. Kada ka yanka wa kanka ranar fita. Kullum akwai mai cewa jirgi na zuwa Alhamis, ko za a yi afuwa kafin Sallah. Wanda ya kafa ransa a kan rana, ranar ta zo ta wuce, shi ne ke daina cin abinci. Ka sa rai da fita, amma shirinka ya zama na mai daɗewa. Auna ci gabanka da abin da ke hannunka, shafi nawa ka haddace, takarda nawa ka aika. Wanda kuka ga ya daina magana, ya daina wanka, ya fara rabar da 'yan kayansa, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da likita.

Ga wanda ke gaban kotun Saudiyya, kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, in ya wuce hukunci ya zauna. A kuma bambance haƙƙin hukuma da haƙƙin mutum. Afuwar da ake yi da azumi, da ragin da ake yi wa mai haddar Alƙur'ani, haƙƙin hukuma suke shafa, kuma ba kowane laifi ba. Bashi ko diyya ko ƙarar kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka, suna iya riƙe mutum bayan ya gama wa'adinsa.

Aikin na gida

A zaɓi mutum ɗaya ya zama bakin iyali. In Kawu na kira, Yaya na kira, miji ko mata na kira, kowa da labarinsa, jami'i sai ya ajiye fayil ɗin. Wakilin ya tara kwafin fasfo, lambar NIN, hoto, takardar shaidar ƙaramar hukuma, ranar da aka ji muryarsa ta ƙarshe, da sunan wurin da yake. Ya rubuta takarda shafi ɗaya zuwa Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja da hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, NiDCOM, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In ta hannun hukumar alhazai ta jiha aka tafi, a fara da ita. In wata hajiya ce ta kai yarinya aikatau, hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, tana da ofishi a Sakkwato. In ba a ma san inda yake ba, ƙungiyar Red Cross tana aikin haɗa dangin da suka rabu, kyauta. Wanda Aljeriya ta koro, ana sauke su ne a hamada kimanin kilomita 15 daga Assamaka, garin kan iyakar Nijar, su tako da ƙafa, don haka cigiya ta fara daga hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, a can da Agadas.

A san iyakar jakadanci: yana ziyara, yana bin sawun shari'a, yana ba da takardar tafiya ta gaggawa ga wanda ba fasfo. Ba ya buɗe kurkuku, ba ya soke hukunci. Duk dillalin da ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi ya san wani babba, a nemi lambar ƙara daga bakinsa, yawanci nan zancen ke mutuwa. Mai cewa ɗanku na hannunsa kuwa, a yi masa tambayar da ɗan ne kaɗai ya san amsarta, kamar sunan da kakarsa ke kiran sa.

In ya samu waya, mintocin kaɗan ne kuma a ɗauka ana saurare. A rubuta tambayoyi tun kafin ya kira: lafiyarsa, ranar zama na gaba, abin da yake buƙata. Inna ta sa albarka a taƙaice, kukan a bari sai an kashe. A ba shi labarin damina da na yara, a bar rigimar gado.

Ranar da ya sauka, kafin 'yan barka su cika zaure, a kai shi asibiti a duba ƙirjinsa. Gwajin tibi da maganinsa na wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma kafin sakamako ya fito kada ya kwana ɗaki ɗaya da ƙananan yara.