Yadda Ake Gano Mazaunin Wayar da Ta Cire a Injin Tsohuwar Mota

Duk mai riƙe da tsohuwar mota, irin su Fijo 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ko Marsandi W123 da aka fito da ita kasuwa a 1976, wata rana zai ɗaga bonet ya tarar da kan waya yana reto. Motar na tashi, tana tafiya, amma hankali ba ya kwanciya. A nan ne mutane ke yin ɓarna: sai su nemi wani ƙarfe da bakin wayar ya shiga, su cusa. Shigar baki ba shaida ba ce, domin yawancin kawunan wayoyin motocin wancan zamani girmansu ɗaya ne. Ka sa waya mai wuta a inda ake jiran wayar bodi, wato wadda ke haɗuwa da ƙarfen jikin mota, ka ƙone fis in an yi sa'a, in ba a yi ba kuma ta narkar da ɗaurin wayoyin gaba ɗaya.

Da farko kashe mota, zare makulli, ka bar inji ya huce. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, da yakan haura digiri 40, wannan kan ɗauki lokaci, amma ka jira. Ɗauki hoton wayar da wayar hannunka yadda ka same ta, kafin ka motsa komai.

Mataki na biyu na ido ne, kuma shi na fi ba muhimmanci. Wayar da ta yi shekara talatin a lanƙwashe wuri guda ba ta mance hanyarta. Robarta ta bushe a kan wannan lanƙwasa, in ka sake ta za ka ga tana karkata wajen da ta fito. Riƙe ta a hankali ka zagaya da ita iyakar tsawonta ba tare da ja ba. Abin da take nema yana cikin wannan da'ira. Duba ko akwai wani ƙarfe tsirara a gefen inji, a jikin kafireto, a ƙasan lagireto, a bayan altaneta ko a jikin giya. Sannan leƙa cikin bakin wayar. In ka ga ƙarfen ciki yana ƙyalli, da alamar gogewa, to kwanan nan ta cire. In ƙurar hunturu ta cika shi ta daskare, ba ko ƙwarzane, wataƙila ba a taɓa sa ta ko'ina ba. Kamfanoni sukan yi ɗaurin waya iri ɗaya ga mota mai na'urar sanyaya ciki da wadda ba ta da ita, sai a bar kan da ba a buƙata a sake. Na taɓa shafe rabin yini ina bin irin wannan a wata 504, har wani dattijon mai rewaya ya leƙo, ya juya ta sau ɗaya ya ce, "Yaro, wagga waya ba ta zuwa ko'ina, haka ta hito daga kamfani." Na ce, "Baba, ta yaya ka gane?" Ya nuna mini bakin da babu ko tabo.

Launi ma yana magana, amma sai ka san ƙasar da motar ta fito. A motocin Jamus, Marsandi da Volkswagen, waya mai ruwan ƙasa ta bodi ce, ja kuma wuta ce kai tsaye daga batir. A motocin Ingila irin tsohuwar Land Rover, baƙa ce ta bodi, ruwan ƙasa kuwa wuta ce mai rai ko da makulli na aljihunka. Ka ga launi ɗaya, aiki kishiyar juna. Fijo ta fi dogara da lamba, don haka goge kusa da kan wayar da tsumma ka nemi lambar. Kada ka manta kuma motar ta ratsa hannun masu gyara da yawa; inda ka ga salatif, tuɓe shi ka ga asalin launin da ke ƙasa. Kayan lantarki na kamfanin Bosch suna da lambobi a jikinsu: 30 wutar batir, 15 wutar da makulli ke bayarwa, 31 bodi, 50 wayar tada kik, 1 gefen kwayil mai zuwa distiributa, 61 ko D+ kuma fitilar caji.

Na uku, tambayi motar abin da ta rasa. Murɗa makulli ba tare da tada inji ba. Fitilar man inji ta kama? Ta caji fa? In ka tada inji ya yi ɗumi, allurar zafi tana motsi? Gwada ham, waifa, fitilar ribas. In mota na mutuwa da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur, duba ɗan ƙarfen lantarki da ke jikin kafireto, wanda ke buɗe hanyar fetur na silo. In wayarsa ta cire haka take yi. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, sai fitilar gwaji: ƙaramin ƙwan mota mai volt 12 da waya biyu. Kama ɗaya a bodi, taɓa ɗayar a bakin wayar, ka sa wani ya zauna ciki yana kallon dashbod. Ta kama makulli na kashe, wuta ce ta kai tsaye. Sai an murɗa makulli take kamawa, to ta kwayil ce, ko ta kafireto, ko ta fanka, ko mai kai wuta ga makunnin ribas. Sai ana tada mota kawai take haske, ta kik ce. Idan kuwa ta yi ja-ja kaɗan, na ciki kuma ya ce fitilar mai ta ɗan haska ko allurar zafi ta ɗaga, ka samu amsa: wayar na'urar auna mai ce ko ta auna zafi. In shiru ne, mai da kamun da ke bodi zuwa kan batir mai alamar tarawa, ka sake taɓa bakin wayar. Haske sosai na nuna wayar tana kaiwa bodi. Wannan gwaji na motocin kafireto ne. Mota mai kwamfutar inji a yi mata da mitar awon lantarki, don ƙwan na iya jan wutar da za ta lalata kwamfutar.

Wayar fitilar mai ita ce ba na son a yi wa sakaci. Mota za ta yi ta tafiya lafiya ba tare da ita ba, har ranar da mai zai tsiyaye a hanyar Illela ko ta Gusau, babu abin da zai gargaɗe ka sai ƙarar inji. Haka wayar allurar zafi, a garin da lagireto ke tafasa tun kafin azahar.

Da ka tabbatar da mazauninta, cire kan batir na bodi tukuna. Goge ƙarfen da sanfefa mai laushi, ka ɗan matse bakin wayar da filaya don ya kama gam, domin sakin baki da girgizar hanya su ne suka cire ta tun farko. In robar ta tsage ko zaren ciki ya yi kore, yanke ka sa sabon kai. Mai da batir, murɗa makulli, ka tsaya minti ɗaya kana taɓa wayar ka ji ko tana zafi kafin ka tada inji. Wadda ta tabbata ba ta da mazauni kuma, naɗe bakinta da salatif, ka ɗaure ta a jikin sauran wayoyi nesa da fanka da bututun salansa.