Kurakuran da aka fi yi kan kafeyin a shayi da gahawa

Mutane da yawa suna auna ƙarfin abin sha da launinsa ko ɗacinsa. Gahawar da aka gasa ƙwayarta ta yi baƙi ƙirin ta fi ɗaci, amma kafeyin ɗinta, wato sinadarin da ke wartsakar da mutum ya hana shi barci, bai wuce na mai haske da wani abin kirki ba. Irin ƙwayar ne ke kawo bambanci: irin da ake kira robusta tana da kusan ninki biyu na kafeyin ɗin da ke cikin irin da ake kira arabika.

Akwai kuma masu cewa shayi ya fi gahawa kafeyin. Maganar tana da tushe, sai dai a busasshen ganye ta tsaya. Ganyen da ake sa wa kofi ɗaya bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, garin gahawa kuwa yakan kai giram 10. Shi ya sa kofi mai mililita 240 na dafaffiyar gahawa ke zuwa da kusan miligiram 95, baƙin shayi 45 ko kusa da haka, koren shayi wajen 30. Amma wanda ya cika tukunya da ganye, ya bar shi yana tafasa har ya yi jawur, ya daina kafa hujja da wannan lissafi. Yawan ganye, zafin ruwa da daɗewar jiƙo duk suna ƙara fito da sinadarin. In sauƙi kake so, rage ganyen, ka tsame shi bayan minti 2 ko 3.

Dabarar nan ta zubar da ruwan farko na jiƙon shayi bayan daƙiƙa 30, wai kafeyin ya tafi, ba ta aiki. Kaɗan ne ke fita, sai ƙamshi da ka yi asara. Madara da sukari ma ɗaci kawai suke rufewa. Gahawar da aka rubuta an cire mata kafeyin kuwa tana da ɗan saura, miligiram kaɗan. Wanda ba ya so ko kaɗan ya koma jiƙon citta ko na'a-na'a zalla, ba a haɗa da ganyen shayi ba.

Kuskuren da ya fi cin mutane, a ganina, shi ne ƙirga kofuna ba tare da duba girmansu ba. Ƙaton kofi yakan ɗauki na mutum biyu, a sha uku a ce "ai uku kawai na sha". Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce miligiram 400 a rana ba ya cutar da yawancin manya masu lafiya, masu ciki kuma ana ba su shawarar kada su haura 200. Lemon kola da lemon ƙara kuzari duk suna cikin lissafin.

Lokaci ma ana mantawa da shi. Jiki kan ɗauki kusan awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha, don haka gahawar ƙarfe 5 na yamma rabinta na nan a jini ƙarfe 10 na dare. Mai fama da barci ya dawo da kofin ƙarshe kafin ƙarfe 2 na rana.