Yadda Za Ka Bibiyi Yadda Teku Ke Cin Gaɓa Kana Zaune a Katsina

Duk sanda na kawo darasin gaɓar teku, sai wani ɗalibi ya ce, "Malam, ina mu ina teku?" Gaskiyarsa. Amma da kwamfuta da ɗan data, daga Ƙofar Kaura za ka iya ganin ɓarnar da ruwa ke yi a Ondo.

Da farko ka sauke Google Earth Pro, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama, kyauta ne. Ka nemo Ayetoro ta ƙaramar hukumar Ilaje a jihar Ondo, garin masunta da aka kafa a 1947, wanda teku ya riga ya lashe masa gidaje masu yawa. A saman allo akwai ɗan hoton agogo. Ka danna shi, wani layi zai fito, kana jansa baya tsofaffin hotuna na bayyana.

Sai ka zaɓi abin da ba ya motsi, kamar rufin wani babban gini, ka kafa masa alama. Da ma'aunin da ke cikin manhajar ka auna daga nan zuwa gaɓa, ka rubuta mitocin da ranar hoton a littafi. Haka za ka yi wa kowace shekara.

To ga inda ake tafka kuskure, ni ma na taɓa tafka shi a gaban aji. Teku yana cikowa ya janye sau biyu a rana. Na haɗa hoton lokacin cikowa da na lokacin janyewa, na ce ƙasa ta tafi, ashe ruwa ne ya hau. Saboda haka kada ka auna zuwa bakin ruwan kansa; ka auna zuwa inda ciyayi ko bishiyoyi suka tsaya, don su ba sa kai da kawo. Kuma hotunan su zama na wata ɗaya a shekaru daban-daban. Na damina yawanci gajimare ya rufe su, gara na Disamba ko Janairu.

Idan kana son komawa can baya, akwai Landsat, taurarin ɗan Adam na Amurka da ke ɗaukar hoto tun 1972, sai dai ko na yanzu kowane ɗigo a hoton mita 30 ne a ƙasa. Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, yana ba da mita 10.

Ka leƙa tsohuwar Bar Beach a Legas ma: can ƙasa ƙaruwa ta yi, saboda yashin da aka zuba aka gina sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Kafin ka yarda da lissafinka, ka gwada hannu a madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma. Ka auna bakinta a hoto, sannan ka je da tef ka auna da kanka, sau ɗaya bayan damina, sau ɗaya a tsakiyar bazara.